WiFi na ja a Windows amma ya ƙi a Ubuntu? Dan Allah kar ka yi formatin tukuna

Wani ƙanena ne ya zo min da laftof ɗinsa wata Asabar bayan la'asar, HP ce 'yar Beljiyam, ransa a ɓace. Ya saka Ubuntu, wani sistam na Linux, a gefen Windows 10 saboda yana koyon kodin, komai lafiya lau na 'yan kwanaki, kawai rana ɗaya ya kunna ya duba can sama gefen dama inda alamar WiFi take zama, wayam babu ita, ya shiga settin aka rubuta masa "No Wi-Fi Adapter Found". Ya koma Windows sai ga WiFi na ja ras kamar ba abin da ya faru. Ya kai wa wani mai gyara, mutumin ya yi formatin ɓangaren Ubuntu har sau biyu, kowane karo abin ya yi aiki kwana ɗaya ya sake ɗaukewa, ayyukan da yaron ya tara duk suka tafi, daga ƙarshe aka ce masa wai katin WiFi ɗin da ke cikin laftof ɗin ne ya ƙone sai an sayi sabo. Wallahi abin ya ba ni takaici, katin da ya ƙone ta yaya zai yi aiki a Windows? Gyaran bai ci mana minti biyar ba, kuma ko sukurudireba ba mu ɗauka ba.

Toh abin da nake so ka fara riƙewa kenan, in dai WiFi na aiki a ɓangare ɗaya to katinka lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakanin sistam biyun ne, su biyu suke rabon kati ɗaya, kuma wani lokacin wanda ya fita ba ya sakin katin yadda ya kamata kafin ɗayan ya shigo.

Wanda ya fi yin wannan Windows ne. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012 Microsoft suka saka wani abu da suke kira Fast Startup, yana nan a 10 yana nan a 11, kuma galibi a kunne yake zuwa. In ka danna "Shut down" kai kana ganin ka kashe kwamfuta, alhali ba ta mutu gaba ɗaya ba, Windows yana kwashe zuciyar sistam ɗin da direbobinsa, wato manhajojin da ke tuƙa kayan cikin kwamfuta irin su katin WiFi, ya ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys don gobe in ka kunna ya tashi da wuri, kamar mai shago ne da ya tafi sallah ya ja ƙofa bai sa kwaɗo ba don ya san yanzu zai dawo. Matsalar ita ce shi Windows a ransa shi ne zai dawo, bai san akwai wani Ubuntu da zai shigo ba, sai ya bar katin WiFi a wani hali na rabin barci, Ubuntu ya zo ya yi ta ƙoƙarin tashinsa ya ƙi tashi. Wannan ba shaci-faɗi ba ne, hatta masu rubuta direban katunan Intel na Linux, wanda ake kira iwlwifi, sun yi gargaɗi a kansa.

Gwajin da zai nuna maka ko shi ne mai sauƙi ne. Shiga Windows, maimakon "Shut down" ka danna "Restart", in allon GRUB, wanda kake zaɓar Windows ko Ubuntu a kansa, ya fito ka zaɓi Ubuntu. Shi "Restart" ba ya bi ta Fast Startup, kashewa yake na gaskiya ya sake tashi. In ka ga WiFi ya dawo, shikenan ka kama ɓarawon.

Kashe shi kuma ga yadda ake yi. Ka buɗe Control Panel, ka shiga "Power Options", a gefen hagu ka danna "Choose what the power buttons do". Za ka ga akwatin "Turn on fast startup" a ƙasa amma ya dishe ba ya taɓuwa, a nan mutane da yawa suke tsayawa su ce ya ƙi, ka duba sama akwai wani rubutu shuɗi "Change settings that are currently unavailable", shi za ka fara dannawa sannan akwatin zai buɗe, ka cire alamar ka danna "Save changes". In kuma kai mai son gajeriyar hanya ne, ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta

powercfg /h off

wannan yana kashe haibanet gaba ɗaya, wato barcin da Windows yake ajiye abin da ke buɗe a fayil ya mutu, Fast Startup kuma a kansa yake tsaye don haka tare suke tafiya, har da ƙarin fili a hard disk tunda wancan fayil ɗin zai goge. Ni shi na fi so ga mai sistam biyu, domin haibanet ma kansa haɗari ne in kana buɗe fayilolin Windows daga cikin Ubuntu. In ka taɓa ganin ɓangaren Windows ya buɗu a Ubuntu amma ya ƙi ka kwafa komai a ciki, to cutar ɗaya ce, maganin ma ɗaya. Sannan bayan wani babban ofdet na Windows ka riƙa leƙawa, wani lokacin za ka tarar akwatin ya koma da alamarsa.

Laftof ɗin ƙanen nawa a nan ta tsaya, muna cire alamar muka kashe muka kunna, sunayen hotsfot ɗin maƙwabta suka jeru.

Amma akwai wanda zai yi duk wannan katin ya ci gaba da ɓata, har a Windows ɗin ma wani lokacin ka buɗe Device Manager ka neme shi ka rasa. Wannan katin ya maƙale ne a cikin kansa kuma muddin akwai 'yar wuta a jikin bod ɗin ba zai saki ba. Ka kashe laftof, ka zare caja, in batirin mai fita ne ka cire shi, sannan ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe har daƙiƙa 60, ka ƙirga da agogo don hannu yana saurin gajiya mutum ya saki a 15 ya ce ya yi. Sabbin laftof masu katin MediaTek MT7921, irin wanda ake samu a wasu Asus da Lenovo da HP, an san su da wannan hali, kuma wannan riƙe maɓallin shi ne yake dawo da su. In destof ce ka zare wayar wutar daga bango ka yi haka nan.

Yanzu mu shiga Ubuntu kansa. Ka danna Ctrl da Alt da T tare, tamina, wajen rubuta kwamand, za ta buɗe, kar baƙin allon ya tsorata ka. Rubuta

rfkill list

zai nuna maka layi biyu a ƙarƙashin "Wireless LAN", "Soft blocked" da "Hard blocked". In na farkon ne ya ce yes, to sistam ne ya rufe, sai ka rubuta sudo rfkill unblock all ya wuce. In na biyun ne ya ce yes babu kwamand ɗin da zai buɗe shi, maɓalli ne a jikin laftof ɗin, ka nemi wanda aka zana eriya ko jirgin sama a layin F na sama, a HP da yawa F12 ne mai 'yar fitila da ke canza kala, a wasu Dell da Asus F2 ne, ka danna shi kaɗai ko tare da Fn, tsofaffin laftof kuma wani ɗan makunni ne a gefe ko a gaba wanda jaka ma kan iya turawa ba ka sani ba. Ga wani abu kuma da sai mai sistam biyu yake faruwa da shi, in ka bar Windows a "Airplane mode" ko ka kashe WiFi da maɓalli sannan ka fita, a wasu laftof ɗin kashewar tana bin ka har cikin Ubuntu. Sai ka koma Windows ka kunna shi a can tukuna. A duba BIOS ma, wato settin ɗin bod da ake shiga kafin sistam ya tashi, akwai inda ake kashe "Wireless LAN" daga can.

In rfkill bai nuna komai ba kwata-kwata, to maganar direba ce, kuma a nan nake roƙon ka da ka tsaya ka san sunan katinka kafin ka taɓa komai. Abin da yake kashe mutane shi ne su shiga intanet su kwafo kwamand goma na katunan da ba nasu ba su zuba, gobe ko wanda ya iya ya zo sai ya sha wahala kafin ya warware. Sunan laftof ba ya wadatarwa, HP iri ɗaya sak za ka samu wannan Intel ne a ciki wancan Realtek. Rubuta

lspci -nnk | grep -iA3 net

ka nemi layin da ya ce "Network controller", a nan sunan yake, Intel ko Realtek ko Broadcom ko Qualcomm Atheros ko MediaTek, da lambarsa. A ƙasansa ka duba ko akwai "Kernel driver in use". In layin yana nan to akwai direba a kai, in babu shi katin zaman banza yake ba mai tuƙa shi. In kuma ɗan dongul ne na USB, lsusb za ka rubuta. Ka ɗauki hoton allon da waya, zai yi maka amfani in za ka tambayi wani.

Na san tambayar da ke ranka, ta yaya zan sauke direba bayan ba ni da intanet? Wayarka ta Android ta isa. Ka haɗa ta da laftof da kebul ɗin caji, mai ɗaukar data ba irin wanda caji kawai yake yi ba, ka shiga wajen hotsfot a settin ɗin wayar ka kunna "USB tethering". Ubuntu zai gan ta kamar an soka masa wayar intanet, ba ya neman komai. Ka dai tabbata kana da data mai ɗan kauri don kunshin famwaya, wato 'yar manhajar da ake loda wa katin kansa, yana da nauyi.

Masu Intel da Atheros su ne 'yan gata, direbansu a cikin kenel, wato zuciyar Linux, yake zuwa, in sun ƙi galibi famwaya ce ta ɓata ko kenel ya tsufa. Ka duba da sudo dmesg | grep -i firmware, in ka ga "failed to load" to sai

sudo apt update
sudo apt install --reinstall linux-firmware

ka yi ristatin. Maganar tsufan kenel kuma gaskiya ce, ka sayi laftof sabuwa dal ka ɗauko wani tsohon filashi na Ubuntu 18.04 da ke yawo a hannun abokai ka saka, kenel ɗin bai ma san an ƙera katinka ba. Realtek RTL8821CE sai a kenel 5.9 ya samu shiga, MT7921 kuma sai 5.12. Rubuta uname -r ka ga naka. In ya yi ƙasa kar ka wahalar da kanka, ka saka Ubuntu 22.04 ko 24.04 kawai.

Broadcom su ne masu taurin kai, irin su BCM43142 da ke cikin laftof da yawa na wajen shekaru goma da suka wuce, da tsofaffin MacBook. Direbansu ba a buɗe yake ba shi ya sa Ubuntu ba ya saka shi da kansa. Bayan ka haɗa waya, ka buɗe "Software & Updates" ka shiga "Additional Drivers", ka jira ya gama bincike, za ka ga Broadcom a jere, ka zaɓa ka danna "Apply Changes".

Sai dai a nan akwai wani rami, Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS. In yana kunne kenel ba ya yarda ya loda direban da ba a sa masa hannu ba, ka ga an ce instolin ya kammala lafiya amma WiFi shiru. Duba da mokutil --sb-state. Lokacin instolin Ubuntu yakan ce ka ƙirƙiri wata fasawad, in ka yi ristatin sai wani shuɗin allo ya fito an rubuta "Perform MOK management", yawancin mutane tsoro suke ji su danna "Continue boot" su wuce, toh a nan aka yi asarar. "Enroll MOK" za ka zaɓa, sai "Continue", sai "Yes", ka saka waccan fasawad ɗin, ba za ka ga haruffan suna fitowa ba amma suna shiga. In ka riga ka wuce shi, sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der zai sa allon ya sake fitowa a ristatin na gaba.

Wasu za su ce maka ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot ɗin kawai ka huta. Yana aiki, amma dan girman Allah kafin ka taɓa shi ka duba ko Windows ɗinka na da BitLocker ko "Device encryption" a kunne, wato kulle fayiloli da mabuɗin sirri, sabbin laftof da yawa haka suke zuwa mai su bai sani ba. Kana canza Secure Boot Windows zai iya tare ka da shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lamba 48, in ba ka da shi fayilolinka sun kulle kenan, babu mai gyaran da zai buɗe maka. Mabuɗin yakan kasance a akawun ɗinka na Microsoft, ka shiga ta waya ka rubuta shi a takarda tukuna. Wannan ya fi duk maganar WiFi muhimmanci a wajena.

Akwai kuma wanda WiFi ɗinsa yana nan amma ba ƙarfi, a Windows sanda cike, a Ubuntu sai ka ɗora wayar a kan kibod kafin ya ga hotsfot. In katinka Realtek RTL8723BE ne, wanda ya cika ƙananan HP, dalilin shi ne katin yana da wajen eriya biyu amma waya ɗaya aka saka masa, direban kuma ya je yana saurare ta wajen da babu komai. Sai ka gaya masa inda zai duba

echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf

ka kashe ka kunna. In bai canza ba ka mai da 2 ɗin 1 ka sake gwadawa, ɗaya daga ciki zai yi.

In kuma haɗuwa yake ya yanke ya haɗu ya yanke, musamman in an ɗauke wuta kana kan batir, to tsimin wuta ne yake sa katin gyangyaɗi. Buɗe wannan fayil ɗin

sudo nano /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf

za ka ga wifi.powersave = 3, ka mai da shi 2, ka danna Ctrl da O ka buga Enter, sai Ctrl da X ka fita, sannan sudo systemctl restart NetworkManager. Batirin zai ɗan fi saurin sauka kaɗan, ni dai na gwammace haka da a yanke min ana tsakiyar dawunlodin.

Wani lokacin ma laifin ba na laftof ba ne. In tana ganin WiFi ɗin kowa banda hotsfot ɗinka, duba ko wayar tana kan 5 GHz, tsofaffin katuna 2.4 kawai suke gani, ka canza a settin ɗin hotsfot. In tana gani amma ta yi ta neman fasawad kana sakawa tana dawowa, ka mai da tsaron daga WPA3 zuwa WPA2, ka goge netwok ɗin a Ubuntu ka sake haɗawa.

Ya haɗu amma ba ya buɗe shafi? Rubuta ping -c 4 8.8.8.8, sannan ping -c 4 google.com. In duka biyun sun ƙi, ka fara duba ko datar ce ta ƙare, ba wasa ba, ya sha faruwa. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi to DNS ne, wato mai fassara sunan shafi zuwa lambarsa, ka shiga settin ɗin wannan WiFi ɗin ɓangaren IPv4 ka kashe "Automatic" na DNS ka rubuta 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, ka yanke ka sake haɗawa.

Ka kuma kalli agogo. Duk mai sistam biyu a Najeriya ko Nijar ya san wannan, in ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, saboda Linux yana ajiye agogon bod a lokacin UTC shi kuma Windows yana ɗauka lokacin gida ne, mu kuma awa ɗaya muke gaba da UTC, 'yan uwanmu na Ghana ba su ma san da matsalar ba tunda lokacinsu daidai yake da shi. A Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, zai yi maka wani dogon gargaɗi, yawancinsa maganar ƙasashen da ke canza agogo da rani da hunturu ne, mu ba ma yi. Awa ɗaya ba kasafai take hana shafi buɗewa ba, amma in ɗan batirin CMOS, mai riƙe agogon bod, ya mutu kwanan wata ya koma shekarun baya, to kowane shafi sai burauza ta ce maka ba amintacce ba ne, kai kuma ka yi ta zargin WiFi.

Wanda jiya yana aiki yau bayan ofdet ya ɗauke, a allon GRUB ka shiga "Advanced options for Ubuntu" ka zaɓi kenel ɗin da ke ƙasa da sabon, ba mai "recovery mode" ba. In WiFi ya dawo to direbanka ne bai ginu a kan sabon kenel ba, dkms status zai nuna maka, ka sake instolin ɗinsa ko ka zauna a tsohon na ɗan lokaci.

In abin juyawa ya yi, Ubuntu na ja Windows ne ya ƙi, ka fara da kashewa gaba ɗaya da riƙe maɓallin nan. In bai yi ba ka buɗe Device Manager, "Network adapters", ka danna dama a kan katin ka zaɓi "Uninstall device" amma kar ka sa alama a akwatin goge direban, ka yi ristatin Windows zai mayar da shi da kansa. A "Properties" ɗinsa kuma in akwai shafin "Power Management" ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe katin. Na ƙarshe shi ne "Network reset" a settin, sai dai zai goge duk fasawad ɗin WiFi da ka taɓa ajiyewa, ka san da haka kafin ka danna.

In duk an bi wannan katin ya ƙi Linux fafur, akwai irinsu, sai a nemi ɗan dongul na USB, amma shi ma ba kowanne ba. Abin da ke ciki ake dubawa ba sunan kwali ba, TP-Link TL-WN722N fitowar farko Atheros AR9271 ne a cikinsa kana sokawa yake kamawa, fitowa ta 2 da ta 3 kuma Realtek aka saka, suna ɗaya kwali kusan ɗaya amma a tsofaffin kenel sai ka nemo masa direba. Ƙananan nan masu araha da ke ɗauke da MediaTek MT7601U su ma kenel ya san su tun da daɗewa. Ka tafi shagon da laftof ɗinka a kunne a kan Ubuntu, ka ce mai shago ya ba ka ka soka a gabansa, ka kunna hotsfot ɗin wayarka, in sunan ya fito ka haɗa ka buɗe shafi ɗaya ko biyu sannan ka zaro kuɗi.